Ƙaramin Gilashin Gefen Baba

Motar gidanmu a Gumel akori-kura ce, tsohuwa tukuf, irin waɗanda aka shigo da su tun ana tuƙi a hannun hagu, shi ya sa sitiyarinta yake a dama. Da ita muke cin kasuwanni: Maigatari ran Alhamis, sauran ranaku Sule Tankarkar ko Gagarawa ko duk inda aka samu lodi. Mukan ɗauki mutane da hatsi da tabarmi da awaki, wani lokaci duka a tafiya ɗaya, akuya tana cin gefen tabarmar mai tabarma, shi kuma yana zagin mai akuya. Ni ne direba. Baba ne mai mota, kuma kullum yana zaune a gefena.

A kowace ƙofa ta gaba, kusa da babban gilashin da ake murɗawa ya sauka, akwai wani ɗan ƙaramin gilashi mai kusurwa uku da ake turawa ya karkata don iska ta shigo. Motocin yanzu ba su da shi. Yana zaune ne cikin wani siririn ƙarfe mai kwari kamar indararo, da roba a tsakani tana riƙe da shi. To, na gefen Baba robarsa ta mutu, ta zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran tsohuwa, gilashin ya koma rawa cikin ƙarfensa. Da mun hau gargada sai ya fara: kar-kar-kar-kar, har cikin ƙwaƙwalwata. In babbar mota ta gifta mu, iskarta takan buge shi ya zamo rabi waje. Don haka Baba yakan ɗora tafin hannunsa na hagu a kansa tun daga tashar Gumel har inda za mu, ba ya ɗagawa sai zai ɓare goro.

Ba tsufa ne ya sauke Baba daga sitiyari ba. Canjin hannu ne. Shi ya koyi tuƙi a zamanin da ake bin hagu, ya yi shekaru masu yawa a haka, har jikinsa ya san cewa direba a tsakiyar titi yake zama, daji kuwa na fasinja ne. Da aka koma dama, abin ya juye wa masu irin motarmu: direba ne a bakin daji. Hanyoyinmu kuma burji ne mai layi ɗaya, kowa tsakiya yake bi, sai an yi kiciɓis sannan kowa ya zaɓi gefensa. A wannan ƙiftawar ido ne hannun Baba yake komawa gidan jiya. Wata rana a hanyar Maigatari ya kauce hagu, mai gingimarin da ke tahowa shi ma ya kauce zuwa nasa daman, wato wuri guda suka nufa. Allah ya kiyaye, motarmu ta tsaya a cikin gonar gero, ba wanda ya ji ciwo. Baba ya fito, ya zagaya, ya miƙo mini makulli. Daga ranar ya daina zama a dama.

Ni kuwa a shekarun nan ƙafata ƙaiƙayi take yi. Ƙasa ta cika da labarin kuɗi, samarin da muka yi wasan langa tare sun tafi Kano, daga Kano sun wuce Ikko, suna dawowa da rediyo da wando mai faɗin ƙafa. Ni ina nan ina kai awaki Gagarawa. Na san kowane rami da ke tsakanin garuruwan nan huɗu, na san bishiyar da wata mai sayar da kanwa take tsayar da mu ta yi amai a gindinta. In na kwanta ba na barci da wuri, in na zauna ba na zama, abinci ma a tsaye nake ci. Inna takan ce kamar an zuba mini tururuwa a riga.

Ana saura wata biyu ko ƙasa da haka babbar sallah, wani Alhaji mai manyan motoci da ke zuwa Maigatari lodin dabbobi ya ga yadda na yi ribas da akori-kurarmu tsakanin wasu gingimari biyu a bakin kara, kasuwar dabbobi. Ya kira ni, ya tambaye ni ko ɗan wane ne, na gaya masa. Ya ce yana neman direba na biyu a motarsa da ke zuwa kurmi. Ya ce in ina so, in zo da kayana ran kasuwar ƙarshe kafin sallah, ranar da ake lodin ragunan layya, amma sai da yardar mahaifina, don shi ba ya ɗaukar ɗan mutane a ɓoye. In ban zo ba, akwai masu jira.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, Baba ma haka, sai dai «kai» ko «direba». Ba a yabon ɗan fari a gabansa, ba a nuna an damu da shi, in ya yi ciwo ƙanwar uba ce take zuwa ta zauna a kansa. Kunya ce, kuma ban taɓa jin ta a matsayin ƙiyayya ba, amma tana sa magana ta yi wuyar fita. Na yi kwanaki ina juya zancen a baki. A hanyar dawowa daga Sule Tankarkar na faɗa wa Baba, idona a kan titi, don in na dube shi ba zan iya ba.

Muka wuce wata rijiya da Fulani ke shayarwa. Gilashin yana ta kar-kar a ƙarƙashin hannunsa.

«To,» in ji shi. «In ka tafi, ni zan koma can.» Ya nuna sitiyari da haɓa. «Wa zai riƙe mini wannan?»

Na ce, «Baba, ai duk wanda ya zauna gaba sai ya riƙe.»

«Fasinja? Wanda zai yi gyangyaɗi kafin a fita gari? Ka san inda ake samun irin gilashin nan yanzu? Ko a Kano sai an tona.» Ya tofar da goro ta taga. «Ka zaunar da shi. Ranar da muka je Maigatari muka dawo ban sa masa hannu ba, ka tafi, na sa maka albarka.»

Wallahi dariya ta kusa ƙwace mini. Na ɗauka zai ce sai na yi aure, ko sai an sayi sabuwar mota. Gilashin da bai kai faifai ba! A raina na ce gobe war haka an gama.

Washegari na yanka kwalin sukari na cusa a kwarin ƙarfen, na danna gilashin a kai. Gilashin ya yi shiru har ƙofar gari. Kafin mu yi nisa kwalin ya zama gari, kar-kar ta dawo, hannun Baba ya koma wurinsa kamar bai taɓa barinsa ba. Na gwada tsumma, ya zame. Wani mai tireda ya ce ƙaro, na jiƙa ƙaro na shafa, ya bushe ya yi ƙarfi har na fara haɗa kayana a zuci, gargadar Gagarawa ta farfasa shi kamar ƙanzo. Na narka kwalta a gwangwani na ɗura. Wannan ta riƙe da safe, da rana ta take sai ta narke ta gangaro jikin ƙofa, ta ɓata wa Baba hannun farar rigarsa. Inna ta wanke rigar har ta gaji, tabon bai fita ba, ni kuwa na sha harara. Wani baduku a Sule Tankarkar ya yanko mini siririyar fata, ita ma ta yi kasuwa ɗaya ta saki.

Duk wannan abin Baba yana kallo. In ina aiki a ƙofar gida, yakan shimfiɗa buzunsa a inuwar darbejiya, carbi a hannu, bai ce yi kaza ba, bai ce bar kaza ba. In na gama yakan taso ya ɗan taɓa gilashin da yatsa ya ce, «Allah ya sa a dace.» Wannan addu'ar ta fi zagi ƙona mini rai. Mutumin da ya san motar nan tun daga hancinta har wutsiya, wanda yake jin ciwon inji daga ƙararsa, a ce bai san yadda ake zaunar da gilashi ba?

A Maigatari wani direba ɗan Damagaram ya leƙo ya ga abin da nake fama da shi. Ya ce, «Kai, abokina, wannan aikin kaucu ne.» Roba ke nan a bakinsu. Ya ce in samu tsohon tiyub in yanka, in naɗe bakin gilashin, in shafa sabulu don ya shige. Na je wurin mai faci na karɓo baƙin tiyub na mota. Da sabulu gilashin ya shige sumul, har ya yi wata 'yar ƙara mai daɗi. Na girgiza shi, bai motsa ba. Ran nan har Gumel ina waƙa. Amma abin da sabulu ya shigar, sabulu ne yake fitar da shi. Da raɓa ta sauka, ko na wanke mota, sai robar ta koma santsi, gilashin ya dinga zamowa a hankali, a hankali, har Baba ya kai hannu. Na sake, na ƙara kauri, na ƙara sabulu. Haka dai.

Watan babbar sallah ya tsaya. Raguna suka fara cika kara, Alhaji ya gan ni ya ɗaga mini hannu daga nesa ya ce, «Direba, ana nan?» Na ce ana nan. Na daina cin tuwon dare sosai. Na yi faɗa da ɗan kamasho a kan abin da bai kai a yi faɗa ba, na yi faɗa da wata tsohuwa a kan kaza. Ƙarar gilashin nan ta bi ni har cikin salla.

Wata safiya na ce, «Baba, bari in cire shi gaba ɗaya, in kai wa mai walda ya lafta langa-langa a wurin. Ba rawa, ba ƙara.»

Ya ce, «Gilashi na ce maka. Ban ce kwano ba.»

«To ai kai ka san yadda ake yi! Ka faɗa mini mana!»

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya dube ni, ya dubi carbinsa, ya ce, «Lodi yana jira.»

A ranar, Gagarawa muka nufa, motar ba ta cika ba. Zuciya tana cina, na taka totur a kan gargada fiye da yadda na saba, bodi yana ta kuka, mutanen baya suna salati. Baba bai ce rage ba. Ya saki gilashin ne don ya gyara hularsa da iska ke neman ɗaukewa, sai kawai muka faɗa wani rami, gilashin ya yi tsalle ya fice. Na taka birki, muka fito da gudu. Can muka same shi a kwance cikin rairayi a gefen hanya, ko tsagewa bai yi ba. Baba ya ɗauka, ya goge shi da bakin rigarsa ciki da waje, ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda ƙurar ke bukata.

Da muka sauke mutane za mu dawo, babu kowa sai mu biyu, sai ya tsaya a ƙofar dama ya ce, «Kawo makullin.» Ya miƙo mini gilashin. «Kai riƙe.»

Na zagaya na zauna a wurinsa, gilashin a cinyata. Ban taɓa zama a nan ba tun da na karɓi mota. Ashe daga wannan kujerar duk abin da ke tahowa kai yake nufa. Baba ya tayar da mota, ya sa giya ba tare da ko ƙara ba, hannunsa yana nan yadda na san shi, mai laushi, yana ratsa ramuka kamar yana lallashin motar. Na ji kunyar irin tuƙin da na yi ɗazu. Muka yi tafiya mai ɗan nisa babu kowa. Sai ga wata motar itace ta ɓullo daga kwana.

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ga hancin motarmu ya fara karkata hagu, kaɗan, kamar yadda mutum ke miƙa hannu ga abin da ya saba ɗauka. Sai na ji yana faɗa wa kansa a hankali, «Daji, daji, daji,» ya fizgo ta dama har ƙaya tana karce ƙofarsa. Motar itace ta wuce da hon, yaran motar suna ɗaga mana hannu suna zagi. Baba ya ci gaba da tuƙi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bai tsaya ba sai da muka hango Gumel, a nan ya sauka ya ba ni wurina, don kada mutanen gari su gani su fara tambaya.

A daren ban ci komai ba. Da magariba na shiga wurin Inna, tana tankaɗe, na zauna a bakin ƙofa. Na ce mata Baba ya san gyaran gilashin nan, ya ƙi faɗa ne kawai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, kamar da rariyar take magana, «Wani mutum dai tun da aka yi zancen kurmi bai ƙara cinye tuwonsa ba. Ni nake kwashe kwanon.» Ta buga rariya a tafin hannu. «Bakinsa ba zai iya cewa zauna ba. Ba a yi shi haka ba. Wanda yake jira ya ji wannan daga bakinsa, zai daɗe.»

Na tashi na fita. Haushi nake ji, da tausayi, da wani haushin kuma na cewa tausayin ya zo ya ɓata mini haushina. Ina so in tafi. Ko a lokacin, ko bayan abin da na gani a hanyar Gagarawa, ina so in tafi, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga hancin motar nan yana karkata hagu, ni kuma ina can wata ƙasa ina kai ragunan wani.

Kwanakin da suka biyo baya, duk inda muka samu hanya ba kowa, sai ya ce kawo makullin. Ba mu taɓa maganar ba. Ni in riƙe gilashi, shi ya riƙe sitiyari yana «daji, daji» in ya hango ƙura. Wani lokaci ya kauce daidai tun daga nesa. Wani lokaci sai a ƙurarren lokaci. Ni kuwa na daina taɓa gilashin da sunan gyara. Na mayar da shi da tsohuwar robar sabulun na bar shi. Ban yanke shawarar zama ba, ban kuma yanke ta tafiya ba, na dai bar ranaku suna wucewa ina jin haushin kowa.

Ran Talatar da ta rage kafin kasuwar ƙarshe, bayan an sauko daga sallar asuba gari ya yi haske, na fito na tarar ya cire ƙofar gilashin gaba ɗaya, ƙarfen da komai, ya ɗora a kan buzunsa. Kusa da shi akwai filaya, da guntun itace, da kwalbar kananzir ta fitilar Inna, da wani jan tiyub na keke, irin na da, wanda ban san inda ya samo shi ba.

Ya ce, «Zo ka riƙe nan.»

Na durƙusa na riƙe. Ya kankare kwarin ƙarfen da tsinken ƙarfe, duk kwaltata da ƙarona da sabuluna suka fito, ya goge shi har ya bushe ƙayau. Ya naɗe bakin filaya da tsumma ya ɗan matse ƙarfen daga farko har ƙarshe, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da yatsa. Ya yanka jan tiyub siriri, ya ja shi ya naɗe bakin gilashin.

«Baƙar roba ba ta shan komai,» in ji shi, ba ni yake kallo ba. «Ja ita ce mai sha. Sabulu kuwa na wanki ne. A bushe ake sa shi.»

Ya ɗora itacen a kan gilashin, yana bugun itacen da tafin hannu, a hankali, yana juyawa, har gilashin ya shige ya zauna. Aikin ya ɗauki lokaci, don babu santsin da zai taimaka. Sannan ya tsoma tsinken tsintsiya cikin kananzir ya bi bakin robar yana ɗigawa, ciki da waje.

«Za ta sha ta kumbura. In ta kumbura ta cika wurin, shi ke nan, sai dai a fasa. Yau da gobe mota ba za ta fita ba. A bar shi a inuwa.»

Na ce, «Gobe akwai lodi.»

«Ba a fafe gora ranar tafiya,» in ji shi. Ya yanke ragowar robar da ta leƙo da reza, ya tattara kayansa ya shiga gida.

Na zauna a wurin ina kallon abin. Aikin da ya cinye mini kusan wata biyu, ya gama shi kafin kunu ya huce. Na so in ji haushi, na neme shi ban samu ba.

Ran Alhamis Inna ta ɗaure mini kayana cikin zane, da ƙuli-ƙuli da dakakken yaji, ta ajiye a zaure ta koma ciki, ba ta fito ba. Ƙanwar Baba ce ta rako ni bakin mota tana ta addu'a. Sharaɗin dai shi ne a je Maigatari a dawo, amma Baba da kansa ya ɗauki ƙunshin ya jefa a baya, wato ya yafe dawowar. An mayar da ƙofar gilashin wurinta. Kafin ya fito daga gida, na zagaya gefensa, na kama gilashin da hannu biyu na girgiza. Na tura shi, na ja shi, na sa ƙarfina duka har motar tana rawa a kan tayoyinta. So nake ya motsa. Ko kaɗan ne, ko da 'yar ƙara ce, in samu abin da zan ce. Ya zauna daram kamar tare aka ƙera su.

Ni na tuƙa zuwa Maigatari. Ban taɓa jin motar nan shiru haka ba. Bodi yana kukansa, awaki suna nasu, amma a gaba babu komai, har ina jin numfashin Baba. Na bi ta kan gargadar da na saba kauce wa, da gangan. Wata gingimari ta gifta mu da iska mai ƙarfi. Gilashin bai ce uffan ba. Hannun Baba na hagu ya tashi sau da yawa ya nufi wurin, sai ya tuna, ya mayar da shi kan gwiwarsa. Daga baya ya rasa yadda zai yi da shi, ya ciro goro ya riƙe bai ci ba.

A bakin kara ana ta lodi, raguna suna hawa katako ana turo su daga baya. Baba ya je ya gaisa da Alhaji, suka yi magana a gefe, ban ji ba, na dai ga Alhaji yana gyaɗa kai. Da ya dawo na durƙusa. Ya ce, «Allah ya tsare. Ka riƙe salla. Kada ka yi tuƙi da fushi.» Bai ɗora mini hannu a ka ba, ban kuma sa ran zai yi ba. Na miƙa masa makulli.

Da la'asar motarmu ta cika da masu komawa Gumel. Ina saman gingimari a kan katakon da ke bisa raguna, daga nan ina ganin komai. Na ga ya zagaya ya shiga dama. A kujerarsa ta hagu wani mai tabarmi ne ya zauna, tun ba a tashi ba ya jingina kai ya fara gyangyaɗi. Baba ya fito da hannunsa na dama ta taga yana gyara madubi, sai na hangi wani jan abu a wuyan hannun. Ragowar tiyub ɗin nan ne, ya ɗaura shi kamar warwaro.

Ya tayar, ya fita daga kasuwa ya hau tsakiyar burji. Can gaba wata mota tana tahowa daga Gumel. Na miƙe tsaye a kan katakon, yaron motar Alhaji yana ce mini in zauna kada in faɗo. Na ji bakina yana cewa daji, daji, daji, da ƙarfi, har mutanen ƙasa suna ɗago kai. Akori-kurar ta ɗan yi jim a tsakiya, sannan ta kauce dama. Suka gifta juna. Rana ta bugi ƙaramin gilashin ya yi walƙiya sau ɗaya, babu hannun kowa a kansa, motar ta shiga kwana.

Ban zauna ba sai da direbanmu ya yi hon.